Ta yaya zan gane lasisin manhaja kafin in sauke ta daga Play Store?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kwamfuta a wata ƙaramar cibiya a Zariya. Na sauke wata manhajar kallon bidiyo daga Play Store saboda an rubuta a bayaninta cewa buɗaɗɗiya ce, amma da na buɗe ta sai talla ta ko'ina. Na duba shafinta sama da ƙasa ban ga inda aka ambaci lasisi ba. Me ya sa rumbun manhajoji ba ya nuna wannan a fili? Kuma idan manhaja buɗaɗɗiya ce da gaske, ya halatta in raba wa ɗalibaina ita, ko mu gyara ta mu sa mata sunan cibiyarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ba ka ga lasisin ba ne domin babu gurbin da aka tanadar masa. Play Store na gaya maka farashi, yana gaya maka ko akwai talla a ciki, ko akwai abin saye a ciki, da shekarun da suka dace a yi amfani da manhajar. Tun 2022 kuma ya ƙara sashen da mai manhaja ke bayyana irin bayanan da yake tattarawa daga wayarka, kamar yadda Apple ya fara a App Store a ƙarshen 2020. Amma a duka rumbunan biyu babu wani akwati da ake cikewa a ce wannan manhaja tana ƙarƙashin lasisin GPL, ko na MIT, ko rufaffiya ce, kuma babu madannin da za ka taɓa ya tace maka buɗaɗɗu kaɗai. Abin da ka karanta a bayanin manhajar nan maganar mai ita ce, ya rubuta da hannunsa, ba wanda ya tantance.

Bari mu fara daidaita abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja, domin nan ne ake yawan zamewa. Kowace manhaja tana da kod, wato rubutun asali da aka gina ta da shi, kuma dokar haƙƙin mallaka tana kare wannan rubutu kamar yadda take kare littafi. Haka yake a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022. Saboda haka asalin hukunci shi ne ba ka da izinin kwafa ko gyara sai mai haƙƙi ya ba ka, kuma lasisi shi ne takardar izinin. Manhaja tana zama buɗaɗɗiya ne idan lasisinta ya ba kowa damar amfani da ita don kowace irin buƙata, da karanta kod ɗinta, da gyara shi, da rarraba ta ko an gyara ko ba a gyara ba. Ƙungiyar Open Source Initiative, wadda aka kafa a 1998, tana da sharuɗɗa 10 da take auna lasisi da su. Farashi ba ya cikin lissafin ko kaɗan. WhatsApp ba a biyan ko sisi amma a rufe take ruf. Krita, manhajar zane, ana sayar da ita a rumbun Microsoft da Steam amma buɗaɗɗiya ce ƙarƙashin GPL.

Lasisan da za ka fi cin karo da su gida biyu ne. Akwai masu sassauci irin MIT da BSD da Apache 2.0: ɗauki, gyara, sayar, har ka rufe naka gyaran idan ka so, amma kada ka goge sunan masu haƙƙi da rubutun lasisin. Akwai kuma dangin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar da na farkonsa a 1989, na biyu ya fito a 1991, na uku a 2007. Shi sharaɗinsa mai nauyi ne: duk wanda ya rarraba manhajar, ko da ya gyara ta, dole ya ba wanda ya karɓa kod ɗin a ƙarƙashin wannan lasisin dai. Ƙofar da aka buɗe maka ba ka da ikon rufe wa na bayanka.

Wannan ya kawo mu ga manhajar da ka sauke. Talla ita kaɗai ba ta tabbatar da an saɓa lasisi ba, domin GPL bai hana talla ba, bai hana sayarwa ba. Abin da yake yawan faruwa shi ne wani ya ɗauki kod ɗin sananniyar manhajar kallon bidiyo irin VLC ko NewPipe, ya canza suna da launi, ya cusa talla da abubuwan bibiyar mai waya, ya ɗora a rumbu, sannan ya ƙi fitar da kod ɗin abin da ya gyara. A nan ne saɓawar take. Masu NewPipe ba su ma ɗora tasu a Play Store, don haka duk mai kama da ita da ka gani a can ba daga gare su ta fito ba. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai, domin mutanen da suka yi shekaru suna aiki don amfanin jama'a su ne ake ci da guminsu, mai ƙaramar waya da ɗan data kaɗan kuma shi ne talla ke cinye wa kuɗi.

Me ya hana manyan rumbuna gyara wannan? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin zamansu da GPL, wanda bai yi daɗi ba. A 2010 gidauniyar Free Software Foundation ta yi ƙorafi cewa ƙa'idojin App Store sun ci karo da lasisin GPL na wasan GNU Go, sai Apple ya cire wasan maimakon ya sauya ƙa'idojinsa. A Janairun 2011 haka ta faru da VLC, bayan ɗaya daga cikin masu rubuta ta, Rémi Denis-Courmont, ya shigar da irin wannan ƙorafi. Dalilin shi ne GPL ya hana a ɗora wa mai karɓa ƙarin takunkumi, alhali ƙa'idojin rumbun suna iyakance yadda za ka kwafi abin da ka sauke. VLC ba ta dawo iPhone ba sai a Yulin 2013, bayan an ƙara mata lasisin MPL 2.0. Microsoft kuma a Yunin 2022 ya fitar da wata ƙa'ida da za ta hana karɓar kuɗi a kan buɗaɗɗun manhajojin da ake samu kyauta a wani wuri. Manufar ita ce maganin masu kwafe, amma rubutun ya haɗa har da masu manhajar na asali, waɗanda da kuɗin wannan ciniki suke biyan ma'aikatansu. Da aka yi ca, cikin makonni kaɗan ya janye. A ganina darasin wannan rikici shi ne rumbun da bai tanadi hanyar sanin lasisi da sanin mai asali ba, ko ya yi niyyar alheri sai ya daki wanda bai ji ba bai gani ba.

Kuma abin ba mai wuya ba ne, tunda wasu sun riga sun yi. F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android da aka fara a 2010, yana rubuta lasisin kowace manhaja a shafinta tare da mahaɗin kod ɗinta. Mafi yawansu ma shi da kansa yake gina su daga kod ɗin da aka wallafa, sannan yana manna gargaɗi idan manhaja tana ɗauke da talla, ko tana bibiyar mai amfani, ko ta dogara da wata rufaffiyar hidima a intanet. A kwamfutocin Linux, rumbunan Flathub da GNOME Software suna nuna ko manhaja buɗaɗɗiya ce ko mallakar kamfani. Akwai ma daidaitaccen tsarin gajerun sunayen lasisi mai suna SPDX, ƙarƙashin Linux Foundation, wanda ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa na hukumar ISO a 2021. Da shi ake rubuta GPL-3.0-only ko Apache-2.0 ta yadda mutum da na'ura duk za su karanta ba tare da ruɗani ba.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, rubuta sunan lasisi kawai ba zai wadatar ba. Kamar lambar NAFDAC ce a jikin kwalin magani: amfaninta shi ne akwai inda za a je a bincika, in ba haka ba kowa ma zai iya buga lamba a kwali. Alamar da za ta yi aiki dole ta amsa tambaya fiye da ɗaya, domin manhaja ɗaya tana iya zama buɗaɗɗiya ta nan, rufaffiya ta can. Telegram da ke wayarka kod ɗinta a buɗe yake ƙarƙashin GPL, amma manyan kwamfutocin kamfanin da saƙonka ke bi ta cikinsu a rufe suke. Kod ɗin Visual Studio Code, manhajar rubuta kod, yana ƙarƙashin MIT, amma kwafin da kake saukewa daga Microsoft yana da nasa lasisin na kamfani, shi ya sa wasu suka gina nasu kwafin daga buɗaɗɗen kod ɗin, mai suna VSCodium. Haka manhajojin shiga intanet Chromium da Chrome: ta farko buɗaɗɗiya ce, ta biyun da aka gina daga gare ta rufaffiya. A manhajojin haddar karatu, AnkiDroid ta Android buɗaɗɗiya ce, AnkiMobile ta iPhone kuwa rufaffiya ce kuma ana sayenta. Sannan hannu yana canzawa: a ƙarshen 2023 an sayar da manhajojin Simple Mobile Tools ga wani kamfani mai suna ZipoApps, masu son su ci gaba a buɗe suka ɗauki kod ɗin suka ci gaba da sunan Fossify. Wanda ya girka tsohuwar tun da daɗewa babu alamar da ta fito a rumbu ta ce masa lamarin lasisi ya sauya.

Kafin rumbunan su farka, binciken ya rage gare ka, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ka fara daga shafin intanet na masu manhajar na asali, ka bi mahaɗin da suka sa zuwa Play Store, kada ka fara daga akwatin nema na rumbun. Ga VLC, shafin shi ne videolan.org. Ka nemi inda kod ɗin yake, galibi shafukan ajiye kod irin GitHub ko GitLab ko Codeberg, ka buɗe fayil mai suna LICENSE ko COPYING. Idan babu shi, to ka ɗauka ba a ba ka izinin kwafa ko gyara ba, ko da kana ganin kod ɗin da idonka. Ka kuma dubi lambar sigar da ke rumbu da wadda ke wurin kod: idan ta rumbu ta yi nisa ta bar ta kod a baya da shekaru, abin da ke wayarka ba shi ne abin da aka wallafa ba. Akwai wani tarko da ɗalibanka za su faɗa: cikin saitin manhajoji da yawa akwai shafin da ke jera lasisan buɗaɗɗun manhajoji. Wannan jerin kayan aron da aka gina manhajar da su ne, MIT da Apache sun wajabta a ambace su, rufaffun manhajoji ma suna da shi. Ka kuma gaya musu GBWhatsApp da ire-irenta ba buɗaɗɗu ba ne: rufaffiyar manhaja ce aka farke ba da izini ba, kuma babu mai iya duba abin da aka zuba a ciki.

Batun raba wa ɗalibai kuwa, ya halatta a duk lasisin da ya cika sunan buɗaɗɗe, ko ta Xender ko ta filasha, kuma za ka iya karɓar ladan wahalarka. Idan GPL ce, ka haɗa musu da rubutun lasisin da hanyar samun kod ɗin. Gyara da sa sunan cibiyarku ma ya halatta. KoboCollect, wadda masu tattara bayanai na ƙungiyoyin agaji suke yawo da ita a ƙauyukanmu, daga kod ɗin ODK Collect aka gina ta ƙarƙashin Apache 2.0, a fili kuma da ambaton asali. Ku bi wannan sawu: ku bar sunayen masu haƙƙi yadda suke, ku rubuta abin da kuka canza, idan GPL ce ku wallafa kod ɗinku ƙarƙashin GPL. Suna da tambari kuma ku sauya su gaba ɗaya, domin lasisin kod bai ba ku alamar kasuwancin mutane ba. Firefox buɗaɗɗiya ce amma sunan da tambarin na Mozilla ne. Hotuna da sautuka da fon na rubutu su ma wani lokaci suna da lasisi dabam da na kod, sai ku duba su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da za ku ɗora taku a Play Store, ku rubuta sunan lasisin da mahaɗin kod ɗin a layukan farko na bayanin manhajar, tunda rumbun bai ba ku wani gurbi ba. Ita kuwa waccan mai talla, ka cire ta, ka girka VLC ta asali.