Tambaya da Amsa: Da gaske ɗora Shagari aka yi a 1979, soja kuma suka ceci ƙasa a 1983?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Funtua, na yi ritaya. A 1979 na kaɗa ƙuri'ata ta farko, kuma ba Shagari na zaɓa ba, Malam Aminu Kano na bi. Damuwata ɗana ne da ke jami'a. Tun juyin mulkin Nijar na 2023 ba shi da zance sai na soja. Wai tun asali zaɓe yaudara ne a ƙasar nan, wai Obasanjo ne ya ɗora Shagari da lissafin sha biyu da biyu bisa uku, wai bai bar mana komai ba sai sata, kuma da soja ba su zo ba da ƙasar ta mutu. Ya rantse ba zai karɓi katin zaɓe ba. Ina tsoron inda wannan tunani zai kai shi. Me zan ce masa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya shirya mana zuri'a. Tsoronka yana kan hanya, don yaronka ba shi kaɗai ba ne. Kusan kowane mako sai ɗalibi ya tare ni da wannan magana bayan darasi, kuma idan na tambaye shi inda ya samo ta, sai ya ciro waya.

Kai da ka yi layi ranar 11 ga Agustan 1979 ba sai na faɗa maka jam'iyyu biyar ɗin ba. Mu tafi ga lissafin. Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Awolowo 4,916,651, wato ratar ta haura dubu ɗari bakwai. Doka ta ce ban da rinjayen ƙuri'a, sai ɗan takara ya sami kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa ukun jihohi. Shagari ya sami kashi 25 ɗin a jihohi 12 daga cikin 19, Awolowo a 6 kacal. Rigimar duk a kan jiha ta 13 ce, wato Kano, inda Shagari ya tsaya a kashi 19.94. Lauyan jam'iyyar Shagari ta NPN, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa ukun 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, ba 13 ba, saboda haka a Kano rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un ake nema. An kaɗa 1,220,763 a Kano. Biyu bisa ukunsu 813,842 ne, rubu'in wannan kuwa bai kai 203,500 ba, Shagari kuma yana da 243,423. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan fassara, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams ta tabbatar ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda.

Ni a ra'ayina hujjar Eso ta fi tsabta, domin jiha ba tuwo ba ce da za a gutsura. Amma ka sa yaronka ya lura da abin da ake jayayya a kai. Ba a ce Awolowo ne ya zo na ɗaya aka ƙwace masa ba. Tambayar ita ce ko wanda ya zo na ɗaya ya cika sharaɗin ƙarshe, ko kuwa sai an kai maganar gaban 'yan majalisun tarayya da na jihohi su zaɓa tsakanin mutum biyu. An kai ƙara, an saurara, alƙali ya saɓa wa 'yan uwansa a rubuce, kowa ya karanta. Wannan ba ɗauki-ɗora ba ne.

Abin da Shagari ya bari kuwa, yaronka yana cikinsa bai sani ba. Da shi aka fara tsarin shugaba mai cikakken iko da muke kai har yau. Sharaɗin kashi 25 yana nan a sashe na 134 na tsarin mulkin 1999, shi ne ma aka sake kai wa Kotun Ƙoli a 2023 a kan matsayin Abuja. Rabon muƙamai tsakanin shiyyoyi, shugaba daga Arewa, mataimaki Alex Ekwueme daga Gabas, shugaban jam'iyya Adisa Akinloye daga Yamma, NPN ce ta mai da shi tsari, PDP ta gada. Zaɓen 1979 ne na tarayya na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a. Jami'o'in fasaha na Bauchi da Yola da Minna a zamaninsa aka kafa su, haka masana'antar sarrafa ƙarfe ta Katsina, da gidajen da har gobe ake kira gidajen Shagari a manyan biranen jihohi. Ya yafe wa Gowon, ya yafe wa Ojukwu ya dawo gida a 1982, shekara 12 bayan yaƙin basasa.

Ba zan wanke gwamnatinsa ba, kada kai ma ka yi, don yaro yana gane lokacin da ake rufa-rufa. An yi wadaƙa da lasisin shigo da kaya, musamman shinkafa. An ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, aka jefa shi Chadi a 1980 wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi. 'Yan NPN a majalisar Kaduna sun tsige Balarabe Musa a 1981 bayan sun hana shi kafa kwamishinoni. An kori baƙi a farkon 1983, akasarinsu 'yan Ghana, har da 'yan Nijar da Chadi, cikin wulaƙanci. Zaɓen 1983 kuwa an tafka maguɗi a wurare da dama. Babban laifin Shagari a wurina shi ne sanyin hannu ga na kusa da shi.

To, yanzu ga inda raina yake ɓaci. Maganar cewa soja ne suka ceci ƙasa ranar 31 ga Disambar 1983 ita ce gubar da ake shayar da yaranmu, kuma masu shayar da ita ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba. Mutum ya kafa waya a gabansa, ya sa hoton wani mai kaki a bayansa, ya yi minti uku yana ihu a TikTok, shi ke nan ya zama masanin siyasa. Wani ma ba a haife shi ba lokacin da Abacha ya mutu, amma shi ke ba ka labarin daɗin mulkin soja.

A tambaye su: ceto daga me, zuwa ina? Shagari ya yi shekara 4 da wata 3. Sojan da suka ce sun zo gyara sun yi shekara 15 da wata 5, daga muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo har zuwa 29 ga Mayun 1999, in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya a 1993. Janar Buhari da ya fara, wata 20 ya yi, abokan aikinsa suka kifar da shi ranar 27 ga Agustan 1985, su ma da sunan ceto. Idan juyin mulki magani ne, me ya sa majinyacin ya yi ta neman ƙari?

Matsin tattalin arziƙin da ake jinginawa ga Shagari, tushensa man fetur ne. A 1980 Najeriya tana haƙo fiye da ganga miliyan 2 a rana, a wasu watannin 1981 abin ya faɗo ƙasa da miliyan 1. Shi ya haifar da dokar tsuke bakin aljihu ta 1982. Bindiga ba ta ɗaga farashin mai ba. Layin madara da sabulu da sukari bai gushe ba a 1984, sai dai aka ƙara masa bulala. An sallami dubban ma'aikata. An yi canjin kuɗi a Afrilun 1984 aka rufe iyakoki, a daidai lokacin da fari ya ci amfanin gona, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Yaronka da ke yabon soja saboda Nijar, ya je Maraɗi ko Damagaram ya tambayi dattawa wannan suna. Sannan a zamanin Shagari naira ta fi dala daraja. A 1986, ƙarƙashin soja, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziƙi na SAP aka karya ta, ba ta sake miƙewa ba.

Ga misalin da nake so ka riƙe, don shi ne ya fi kashe bakin masu wannan magana. A Ondo, a 1983, hukumar zaɓe ta ce Akin Omoboriowo na NPN ya kayar da Gwamna Adekunle Ajasin na UPN, jam'iyyar Awolowo. Jama'a suka tashi, aka ƙona gidaje, aka rasa rayuka. Ajasin ya tafi kotu, kotu ta ƙwace nasarar daga hannun jam'iyya mai mulkin ƙasa ta mayar masa. A ƙarƙashin Shagari aka yi wannan. Kafin shekara ta zagayo soja suka zo suka kama Ajasin ɗin, dattijo mai shekara fiye da 70, aka gurfanar da shi, ba a same shi da laifi ba, aka ci gaba da tsare shi. Da me? Da doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, kuma ta hana kotu tambaya. Doka ta 4 kuma ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Wato a farar hula an zalunci mutum ya sami inda zai kai kuka. Da aka zo "ceto" sai aka rufe wurin kai kukan.

Shi kansa Shagarin fa? An tsare shi shekara biyu da rabi, Ekwueme kuma a kurkukun Kirikiri. Dukkan takardun gwamnati suna hannun soja, babu wanda zai hana su bincike. A 1986 kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya ce bai same su da laifin cin dukiyar jama'a ba. Turakin Sakkwato ya koma garinsu Shagari, ya rayu har 28 ga Disambar 2018, yana da shekara 93. Mutumin da ya karanta sanarwar kifar da shi kuwa, har bayan shekara 20 da mutuwarsa ana dawo da kuɗin da aka kwashe a zamaninsa daga bankunan Turai. Ina roƙon masu ihu a waya su faɗa mini wanne ne ɓarawon a cikin biyun.

Asarar da ta fi ci mini rai ba ta kuɗi ba ce. Tsarin mulkin 1979 zango biyu ya ba shugaba. A 1987 dole Shagari ya sauka, kuma a tsarin NPN ana sa ran mulki ya koma Kudu. Da mun ga farar hula ya miƙa wa farar hula tun lokacin. Juyin mulki ya sa ba mu ga haka ba sai 2007, ba mu ga jam'iyyar adawa ta kayar da mai mulki ba sai 2015. A tsakani an soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, wanda mutanen Kano suka zaɓi Abiola suka bar ɗansu Bashir Tofa. Ba ɗan siyasa ne ya soke shi ba. Jam'iyyun da ke da aƙida, irin PRP ɗinka ta Malam Aminu Kano da ta gaji NEPU, soja suka rushe su da sanarwa ɗaya, sannan yau a zo ana kukan 'yan siyasa ba su da aƙida. Wa ya tumɓuke shukar?

Kada ka yi masa faɗa, Malam, kuma kada ka ce masa dimokuraɗiyyarmu lafiya take, zai daina sauraronka. Fushinsa a kan tsadar rayuwa da rashin tsaro gaskiya ne. Ka zaunar da shi bayan sallar isha'i ka ba shi labarinka. Ka faɗa masa ɗan takararka ya sha kaye a 1979, amma ƙuri'ar talakawa irinka ce ta ba PRP Kano da Kaduna, ta ɗora Abubakar Rimi da Balarabe Musa, aka soke haraji da jangali, abin da kakanninsa suka yi shekaru suna gudu daji saboda shi. Sannan ka tambaye shi, a cikin shekara 15 ɗin da suka biyo bayan juyin mulkin 1983, gwamnan soja nawa aka turo Kaduna, daga baya kuma Katsina, kuma wanne aka nemi shawararka kafin a turo shi.