Baƙin unguwarku ba ƙin zuwa mitin suke yi ba

Malam, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce unguwarku ta cika da 'yan ci-rani da mutanen Nijar da waɗanda rikicin Zamfara ya koro, kun kira mitin har kun gaji ba sa zuwa, sai dai su miƙo kuɗin sintiri su yi gaba. To ni shekara 13 na yi ina zaman baƙunta a Agege, goro ne ya kai ni, bari in faɗa maka yadda baƙon yake ji.

A layinmu akwai ƙungiyar unguwa, CDA suke ce mata a Legas, duk wata sai an zo karɓar kuɗi, na get, na masu gadi, in taransifoma ta ƙone a sake yanka mana. Muna biya ba musu. Amma mitin ɗin Asabar da safe ake yi, daidai lokacin da mu muke can ana sauke kaya, kuma da Yarabanci tun daga addu'ar buɗewa har a tashi. Sau ɗaya na je, na raɓe a bencin baya, ba abun da na tsinta sai "Hausa" da ake ta ambata, ban san yabo ne ko zagi ba. Ban ƙara komawa ba. Su kuma ashe suna can suna cewa ba mu damu da unguwa ba, kamar dai yadda kake faɗa yanzu.

Wani dattijo mai gida a layin ne ya gyara abun, Kirista ne ma, ya zo ƙofar masallacinmu da la'asar ya tsaya a rana har aka sallame, ya ce babbanmu yake nema. Wallahi wannan tsayuwar ta fi takardar gayyata goma. Aka mai da mitin Lahadi da yamma, aka sa wani yaronmu haifaffen can yana tafinta, sannan abun da ya fi komai, aka ba ɗaya daga cikinmu littafin rasit ya zama mataimakin ma'aji, makullin get kuma aka damƙa wa mai shayin bakin layi tunda shi dama sai ƙarfe 2 na dare yake tashi. Da damina ta zo kwata ta toshe ba wanda ya roƙe mu, masu kurar ruwa ne suka fara fitowa da shebur, don yanzu mun san inda kuɗinmu yake tafiya.

Don haka ku daina jiransu a ƙofar mai unguwa, ku je inda suke. Masu ruwa suna da babbansu, masu gyaran takalmi suna da nasu, mutanen Nijar ma kowane gari da dattijon da suke jin maganarsa. Amma don Allah ranar farko kar ku je da takarda da biro kuna rubuta sunaye, baƙo in ya ga haka kora yake tunani. Kuma da gaskiyarsa, an kori baƙi daga Gana a 1969, mu ma mun kora a 1983 zamanin Shagari. Rubuta suna ya biyo baya, su da kansu za su kawo.

Ribar ta fi ta share kwata. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021 daga 'yar sa-in-sa ya faro, kafin a ankara an rasa rayuka an ƙona shaguna. Mu ma an sha yin faɗan yara a layinmu, amma akwai lambar wanda za a kira kafin magariba.

Wani abu kuma, mu ne masu ƙorafi a kudu cewa yaranmu da aka haifa can ba a ba su takardar asali, amma a gida mutum zai shekara 30 a unguwa ya aurar da 'ya'ya, muna nan muna ce masa baƙo. Ku gayyaci matansu wajen suna da biki, a karɓi yaransu a islamiyya ko da kuɗin wata bai cika ba.

Ni tukuna ma, wace rana kuke yin mitin ɗin naku, kuma ƙarfe nawa?