An ɓoye sunan Wi-Fi ɗina, amma data na ci gaba da zurarewa

Tambaya: Malam, wanda ya haɗa mini rauta (na'urar da ke rarraba intanet a gida) ya ɓoye sunan Wi-Fi ɗin gidana, ya ce babu mai shiga tunda ba a ganinsa. Ga shi data tana ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma hankalina ya tashi domin da ita nake shiga asusun banki. Me zan yi?

Amsa: Malama, ɓoye suna ba tsaro ba ne, kuma na gaji da yadda masu kiran kansu injiniyoyi suke sayar wa mutane wannan dabara kamar laya. Rautar ta daina shelar sunanta ne kawai, amma duk sa'ad da wayarki ta haɗu da ita, sunan yana fita a iska a fili, kuma akwai manhajojin kyauta da ke tsintarsa nan take. Wayar da aka koya wa ɓoyayyen suna ma takan riƙa kiransa duk inda kika je, tana cigiyar rautar. Babbar illar ita ce sakin jiki: an ce wa mutum ya ɓuya, sai ya bar 12345678 a matsayin kalmar sirri, yana barci har da minshari.

Kalmomin sirri biyu ne a rauta, na Wi-Fi da na shafin sarrafa ta, wanda ake buɗewa da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 da ke rubuce a jikin na'urar. Na biyun ne ake mantawa da shi a kan "admin", alhali wanda ya same shi yana iya sauya DNS, wato tsarin da ke kai ki shafin da kika rubuta sunansa, ya karkatar da ke zuwa shafin banki na bogi. Da irin waɗannan kalmomin sirri da kamfani ke sa wa kayansa ne muguwar manhajar nan mai suna Mirai ta kame ɗimbin na'urori a 2016. Ki sauya duka biyun, kowace ta yi tsawo.

A wannan shafin, wajen tsarin kulle Wi-Fi, ki zaɓi WPA3, ko WPA2 idan shi kaɗai rautar ke da shi, ki guji tsohon tsarin WEP. Ki kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba, domin tun 2011 aka nuna cewa lambarsa mai alƙaluma 8 tana karyewa da gwaji kusan 11,000, sannan ki sabunta manhajar rautar.

Kafin ki zargi maƙwabta, ki duba jerin na'urorin da ke haɗe. Sau da yawa talabijin ɗin falo ce ke shanye datar.