Tambayoyinku: Ƙona shara don samun lantarki, ina illarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji wasu ƙasashe na ƙona shararsu a manyan masana'antu su samu wutar lantarki. Shara ta tafi, wuta ta samu. To me ya sa har yanzu wasu masana ke sukar abin? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ana yi kam, kuma ya fi a jibge shara a bola tana ruɓewa tana tsiyaya cikin ruwan ƙasa. Amma inda kika ce shara ta tafi, a nan nake da ja.

Duk tan ɗaya da aka ƙona, kusan kwata na nauyinsa toka ce ke saura. Mai laushin cikinta, wadda matatun hayaƙi ke kamawa, ta fi haɗari, domin a nan dalma da zaiba da gubar dayoksin ke taruwa. Jamus a tsofaffin ramukan haƙar gishiri take binne irinta. Sauran nauyin kuwa sama ya yi, kuma kusan tan guda na iskar kabon ke fita a kan kowane tan na shara. Roba da leda su ne suka fi cin wuta, kuma asalinsu man fetur ne, don haka ni ban yarda a kira wannan wuta mai tsabta ba.

Dokar Tarayyar Turai ta ce sai zafin ya kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2 don a rage dayoksin. Idan sharar jiƙaƙƙiya ce, ragowar abinci ta yi mata yawa, zafin ba ya kaiwa sai an taimaka da mai ko gas. Lantarkin ma bai taka kara ya karya ba: kusan kwata kawai na ƙarfin sharar ke zama wuta. Ƙasashen arewacin Turai na cin riba ne saboda suna ɗumama gidaje da ragowar zafin.

Abin da ya fi damuna shi ne cikin injin ba ya cika. An kashe maƙudan kuɗi an gina shi, dole ya yi aiki dare da rana shekara ashirin ko talatin kafin a mayar da jari. Galibi hukumar birni kan sa hannu cewa za ta kawo shara kaza a shekara, in ta gaza ta biya tara. To wa zai ƙara matsa wa jama'a su rage shara ko su ware takarda da roba don a sake sarrafawa? Suwidin har shigo da shara take yi daga Birtaniya da Norwe. Masana'antar Amager Bakke da aka buɗe a Kwapanhagan, babban birnin Denmak, a 2017 ita ma sai da ta nemo shara daga waje, kuma a 2020 Denmak ta yanke shawarar rage ƙarfin irin waɗannan masana'antu da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Birnin Harrisburg na Amurka kuwa bashin injinsa ya haura dala miliyan 300, har majalisarsa ta garzaya kotu a 2011 tana neman kariya daga masu bin sa bashi.