Hular kwanon sojojin laima na Jamus: ta lokacin yaƙi ce ko ta bayan yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hamburg, kuma ban daɗe da fara tara tsofaffin kayan soja ba. A kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako na ga wata hular kwano gajeriya mai zagaye, ba ta da bakin nan da ke saukowa ya rufe kunne da ƙeya irin na hular sojan Jamus da aka sani. Fentinta kore ne mai ɗan ruwan ƙasa, akwai fata a ciki, maɗaurin haɓarta kuma ya rabu biyu a kowane gefe. Mai ita ya ce ta sojojin laima ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, ya tsuga mata kuɗi. Na leƙa ciki ban ga wani hatimi a jikin ƙarfen ba. Abokina ya ce ta bayan yaƙi ce, kada in ɓata kuɗina. Yaya ake ganewa? Idan kuma ta bayan yaƙi ce, tana da wata daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bisa siffar da ka bayar, abokinka ya fi mai kayan kusa da gaskiya: da wuya hular nan ta zama ta lokacin yaƙi. Inda na saɓa da shi shi ne cewar da ya yi kada ka ɓata kuɗinka. Hular bayan yaƙi iri-iri ce, akwai wadda ta cika kasuwa, akwai kuma wadda samunta ya fi na ta yaƙin wuya. Abin da ake buƙata shi ne ka san wacce ce a gabanka, ka biya kuɗinta na gaskiya.

Sai ka fara sanin ta yaƙin, domin da ita ake auna sauran. Masu tara kaya suna kiranta M38, saboda shekarar 1938 da aka tsayar da samfurinta. Ita ce sojojin laima suka sa a Eben-Emael ta Beljiyam a 1940, da tsibirin Kirit na Girka a watan Mayun 1941, da Monte Cassino ta Italiya a 1944. An datse mata baki ne domin kada igiyoyin laima su maƙale, kada kuma iska ta shiga ƙarƙashinta ta fizge wuyan mai dirowa. Shi ya sa ta zama kamar ƙwarya a kife. Masana'anta guda ce ta ƙera ƙarfenta, wato Eisenhüttenwerke da ke garin Thale, kuma takan buga haruffan ET a cikin bakin hular, daga baya a ƙarshe-ƙarshen yaƙin ta koma buga ckl. Girma uku kaɗai aka yi: 66 da 68 da 71. Akwai kuma lambar rukunin ƙarfe da ake bugawa ta baya. Noti huɗu ne ke riƙe kayan cikinta, ɗaya a kowane gefe, biyu kusa da juna a ƙeya. A ciki akwai zoben ƙarfe, da roba mai kauri da ke tare bugu, sannan fata mai huje-huje, wadda akan buga wa hatimin tawada mai nuna girman kai da girman ƙarfe, sau da yawa da sunan kamfanin Heisler na Berlin.

Ka riƙe sunan Thale da kyau, domin shi ne mabuɗin tambayarka. Bayan 1945 garin ya faɗa yankin da Tarayyar Sobiyet ta mamaye, ya zama cikin Jamus ta Gabas, kuma masana'antar ta koma ƙera hular M56 ta sojojin Gabas. Saboda haka duk hular laima da aka ƙera wa Jamus ta Yamma ba za ta taɓa ɗaukar ET ko ckl na gaskiya ba. Idan ka ga hula mai fenti da kayan ciki na bayan yaƙi, ga kuma ET71 raɗau a jikinta, to ɗayan biyu ne: ko an haɗa kaya daga hula biyu, ko an buga mata hatimin jabu. Haka nan idan ka ga harafin Q na kamfanin Quist a kan hula mai wannan siffa an ce maka ta yaƙi ce, ka ajiye ta. Quist ya ƙera hulunan sojan ƙasa a lokacin yaƙi, ya kuma ƙera wa sabuwar rundunar bayan yaƙi, amma M38 ba aikinsa ba ne. Rashin hatimi da ka gani shi kaɗai bai yanke hukunci ba, domin fenti mai kauri yana iya binne shi. Ka koma da tocila, ka kwantar da haskenta a gicciye a kan ƙarfen, ramin haruffa yakan fito ko da an shafe shi.

Yanzu ga abin da ake nufi da farkon bayan yaƙi. Daga 1945 zuwa 1955 Jamus ba ta da soja ko ɗaya, balle sojan laima. Jamus ta Yamma ta shiga ƙungiyar NATO a watan Mayun 1955, aka kafa rundunar Bundeswehr ranar 12 ga Nuwamban wannan shekara. Shugabannin siyasa na lokacin sun ƙudurta cewa sabon sojan ba zai yi kama da na Hitler ba, kuma ba abin da ke tuna wa mutane wancan zamani kamar siffar hular kwano. Don haka a 1956 aka ɗauki samfurin Amurka, mai gida biyu: ƙarfe a waje, wata hula mara nauyi a ciki. Ga mai dirowa daga jirgi wannan hula ba ta da daɗi, tana rawa a kai, tana da baki mai kama iska. Su kuwa jami'an sabuwar rundunar laima da yawansu tsofaffin hannu ne da suka san M38. Hans Kroh, wanda ya jagoranci runduna ta ɗaya ta sojojin laima daga 1957, shi kansa ya yi yaƙin Kirit. Makarantar koyon dirowa kuma tana Altenstadt a jihar Bavariya. A ƙarshen shekarun 1950 aka gwada wasu huluna masu siffar tsohuwar, ba da yawa ba, aka raba wa sojoji domin gwaji. Daga ƙarshe ba a karɓe su ba. A farkon shekarun 1960 aka tsaya a kan hula mai siffar ta Amurka amma gida ɗaya, wadda ake kira 1A1LL, haruffan LL suna nufin sojojin da ake saukewa ta sama. Ita ta ci gaba da aiki har hular zamani ta aramid, wani zare mai ƙarfin gaske, ta fara maye gurbin ƙarfe daga 1992.

Waɗannan hulunan gwaji su ne abin nema ga mai tara kayan farkon bayan yaƙi. An ƙera su kaɗan, an yi aiki da su na ɗan lokaci, sannan abin takaici, da yawa daga cikin waɗanda suka rage sun faɗa hannun masu neman kuɗi ta ƙazamar hanya. Sun cire kayan ciki, sun toshe ramuka, sun huda sababbi, sun shafa fenti mai ruwan toka, sun manna tambarin gaggafa, suka sayar a matsayin M38. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin an lalata shaida ta gaskiya ta wani ɗan gajeren zamani domin a ƙirƙiro ƙarya.

Akwai rukuni na biyu mai wannan siffa, kuma shi ne ya fi rikita sababbin shiga. Rundunar tsaron iyaka ta tarayya, wadda aka kafa a 1951, ba ta bi Bundeswehr wajen guje wa tsohuwar siffa ba. Lokacin da aka kafa sashenta na musamman GSG 9 a 1972, bayan kisan da aka yi a gasar Olamfik ta Munik, jami'ansa sun riƙa sa hula mai siffar ta sojojin laima. Su ne suka kuɓutar da fasinjojin jirgin Lufthansa a Mogadishu a watan Oktoban 1977. Hularsu abin tarawa ce mai kyau, amma ta shekarun 1970 ce, kuma ta 'yan sanda ce. Kada a sayar maka da ita da sunan ta 1957. Jamus ta Gabas kuwa ba ta cikin wannan rikici, domin sojojin laimarta da ke Prora a tsibirin Rügen hular Foland samfurin wz. 63 suka yi amfani da ita.

To, idan ka koma kasuwar, ga yadda zan duba ta da ni ne. Zan fara da notuna, in ƙirga su, in ga inda suke. Idan ba huɗu ba ne a tsarin da na faɗa, maganar M38 ta mutu a nan take. Idan huɗu ne, sai in juya hular in shafa cikin ƙarfen da yatsa, musamman ta ƙeya. Ramin da aka toshe da walda yakan bar ɗan tudu ko wurin da aka goge ya yi santsi fiye da kewayensa, fentin wurin kuma yakan ɗan bambanta. Ramin da aka huda a masana'anta bakinsa a share yake, fenti ya shiga cikinsa. Wanda aka huda da injin hannu daga baya yakan bar ƙaiƙayin ƙarfe a gefe. Ƙaramin maganaɗisu yana taimakawa: inda aka cike da irin abin da masu gyaran jikin mota ke shafawa, ba zai kama sosai ba.

Sai fenti. Koren da ka siffanta, mai ɗan ruwan ƙasa, shi ne launin da Bundeswehr ta yi amfani da shi a kan kayanta tun farko, lambarsa RAL 6014. Ta yaƙi kore ce mai ruwan toka ko toka mai ruwan shuɗi, ta rundunar iyaka kuma kore ce mai duhu. Wannan ne ya sa na karkata ga cewa hularka ta soja ce ta bayan yaƙi. Amma fenti shi ne abu mafi sauƙin canzawa, don haka a duba ko launin waje da na ciki ɗaya ne, a kuma duba kan notunan: idan an taɓa kwance su, bakinsu yakan nuna gurbin sukudireba a kan tsohon fenti.

Kayan ciki su ne suka fi faɗin gaskiya. Ka ɗaga fatar a hankali, kada ka ja, ka nemi hatimin tawada ko wata 'yar takarda. Shekara, ko sunan kamfani irin Schuberth na Braunschweig ko Römer na Neu-Ulm, duk suna taimakawa. Idan ka ga doguwar lamba mai alƙaluma 13 wadda na biyar da na shida su ne 12, wannan lambar kaya ce ta NATO, 12 kuwa alamar Jamus ce, kuma babu yadda za a yi ta hau kan kayan lokacin yaƙi. Ka shinshina fatar ma. Fatar da ta shekara sittin ta bushe, tana da duhun gumi a goshi inda ta taɓa fatar mutum, ba ta warin sabon jima ko na sinadari. Masu jabu sukan shafa datti ko'ina daidai wa daida, alhali kan mutum ba ya ɓata hula haka. Abin da kake nema shi ne ƙarfe da fenti da fata da maɗauri duk su nuna shekaru ɗaya, su kuma nuna sun tsufa tare.

Akwai yiwuwa ta uku da bai kamata a manta ba: hular kwaikwayo. Shekaru da dama ana ƙera sababbin M38 domin masu fim da masu wasan tuna yaƙi, wasu da hatimi, wasu babu. In an bar su a ruwan sama na 'yan watanni sai su yi tsatsa su yi kama da tsofaffi. Tsatsar gaggawa ja ce, tana zama a sama, tana kama hannu. Tsohuwa baƙa-baƙa ce, ta ci cikin ƙarfe. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Game da daraja, M38 ta gaskiya mai cikakkun kayanta tana cin dubban Yuro, kuma shi ya sa da wuya ka tsince ta a shimfiɗe a kasuwar gwanjo. Hular gwaji ta shekarun 1950 da ba a taɓa ba tana da masu nemanta na musamman, tana kuma da tsada, sai dai ba ta kai waccan ba. Ta GSG 9 tana biye. Ita kuwa 1A1LL tana nan da yawa, kuɗinta kaɗan ne, kuma ita nake ba duk mai farawa shawarar ya fara saya, domin a kanta zai koyi yadda fata da fenti da hatimin Bundeswehr suke ba tare da ya yi asara ba. Ana rarrabe ta da ta sojan ƙasa cikin sauƙi: wadda aka fi gani ta sojan ƙasa noti ɗaya gare ta a tsakiyar kai, ta laima kuwa notunanta a kewaye suke, maɗaurinta kuma yana kama haɓa da ƙeya.

Tun da a Jamus kake, ka san da sashe na 86a na dokar laifuffuka, wanda ya hana baje alamomin Nazi a bainar jama'a. Gaggafar da ke kan M38 tana riƙe da irin wannan alama, shi ya sa masu sayarwa ke rufe ta da takarda. Hular bayan yaƙi ba ta zo da ita ba, kada kuma wani ya ba ka shawarar manna mata domin ta ƙara kuɗi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka roƙi mai ita ya bar ka ka ɗauki hoton gefe biyu, da ƙeya, da cikin bakin ƙarfen, da ƙarƙashin fatar, ka nuna wa masu tara kayan Bundeswehr kafin ka ciro ko sisi. Idan ya ƙi, ya ba ka amsa ke nan. Labarin cewa ta kakansa ce ba ya ƙara mata komai sai in akwai hoto ko takarda. Idan ta tabbata ta bayan yaƙi ce kuma ba a taɓa ta ba, ka gaya masa abin da ka gani, ka taya ta a wannan matsayi. In ta zo hannunka, kada ka kwance noti ko ɗaya, kada ka goge tsatsa da sanfefa, kada ka shafa wa fatar mai. Ka share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, ka ajiye ta nesa da rana da danshi da na'urar ɗumama ɗaki, a kan abin da zai tallafi ƙarfen ta yadda nauyinsa ba zai zauna a kan fatar ba.