Na Ba Wake Bitamin, Sai Ya Tsumbure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ne aka ba aikin makaranta, muka shuka wake a kofuna shida. Uku muna ba su ruwa zalla, uku kuma muna jiƙa musu ƙwayar bitamin C mai kumfar nan. Yau kwana goma, na ruwa zalla sun miƙe, na bitamin sun tsumbure, biyu ma sun ruɓe daga gindi. Ashe ba bitamin ke ƙara ƙarfi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaya wa yaron kada ya damu, aikinsa bai lalace ba, sakamako ya samu.

Mu ne ke buƙatar bitamin C daga waje, domin jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa shi. Tsiro kuwa da kansa yake ƙera nasa. A kwanakin farko ma, guzurin da ke cikin ƙwayar waken yake ci, ruwa da iska da ɗumi kawai yake nema. Idan ganye ya buɗe sai ya koma ga hasken rana da abin da saiwa ke tsotsa a ƙasa, irin su naitirojin da fosfaras da fotasiyam.

Abin da na fi zargi shi ne kayan da aka haɗa ƙwayar bitamin ɗin da su. Kumfar da kike gani tana fitowa ne daga haɗuwar sinadari mai tsami da wani mai sodiyam. Kullum kika zuba, gishirin da wannan haɗuwa ke haifarwa na taruwa a ɗan kofin, har ƙasar ta koma tana hana saiwa shan ruwa. Tsiro na cikin laima amma ƙishirwa na cinsa. In kuma da sukari a ciki, to an yi wa fumfuna liyafa, kuma shi ke cin gindin tsiro.

Wannan zance na bitamin yana da asali. A 1937, masanin tsirrai James Bonner na jami'ar Caltech a Amurka ya nuna cewa saiwar da aka yanke, aka raine ta ita kaɗai a kwalba, tana buƙatar bitamin B1 kafin ta ci gaba da girma. Dalili kuwa, an raba ta da ganyen da ke aiko mata da shi. 'Yan kasuwa suka ɗauki maganar suka yi ta sayar da ruwan B1 don dashe, kuma abin yana ba ni takaici, domin gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan cikakken tsiro ba su nuna ya fi ruwa zalla ba.

In za ku sake, ku nemi garin bitamin C tsantsa, ku sa ɗan kaɗan a wasu kofuna, da yawa a wasu. Ku huda gindin kowane kofi, ruwan ya zama daidai wa daida, yaron kuma ya riƙa auna tsawo da rula kowace safiya yana rubutawa.