Kafin ki biya kuɗin rajista, ki je ki kalli bangonsu

Tambaya: Salam Anti, 'yata shekararta 12, duk bayan littattafanta zane ne. Akwai wata cibiyar matasa da ake koyar da zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, in sa ta? Kuma me zan saya mata?

Amsa: Wa alaikissalam 'yar uwa. Ki sa ta mana, amma dan Allah ki fara zuwa da ƙafarki ranar da ake darasi, ki tsaya ki kalli zanen yaran da aka manna a bango. In kin ga duk iri ɗaya ne, fure ɗaya kala ɗaya kamar inji ne ya buga, toh kwafa kawai ake sa su. Bangon da nake so ki samu shi ne wanda wani zanen ya karkace, wani kan mutum ya fi gangar jikin girma, nan ne ake barin yaro ya gwada da hannunshi. Ki tambayi yara nawa ne a aji, waye ke tare dasu in malami ya fita, kuma ana barin iyaye su leƙa? Wannan na ƙarshen ni bana wasa dashi, duk inda aka ce uwa ba zata shiga ba ki juyo da 'yarki.

Kaya kuwa kar ki jibgo. Fensir HB da 2B da 6B, kilina, da littafin zane mai kauri sun isheta watannin farko. In an zo fenti ki ɗauki na ruwa da takarda mai kauri, mai 300 gsm (awon nauyin takarda kenan), siririya tana jiƙewa take yamutsewa. Fentin mai ki barshi tukuna, kwanaki yake kafin ya bushe.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne, zan shiga ajin kiɗa, jita zan saya ko kibod?

Amsa: Ƙanina ka riƙe kuɗinka, ka yi wata ɗaya da na cibiyar ka ga wanda hannunka ya fi so. In jita ce ka fara da mai tsirkiyar nailan, ta ƙarfe tana cin yatsun ɗan koyo sosai. In kibod ne mai maɓalli 61 ya isheka, fiyano ce mai 88, kuma ka duba akwai wajen sa iyafon saboda mutanen gida.